Gwadon da Ke Cikin Piyanon Yaya Bashir

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bashir, amma sai makon jiya na fara jin ainihin muryar piyanonsa. Ni da na zauna gida ɗaya da shi a unguwar Al-Badi'a ta birnin Riyadh, ni ma'aikaciyar jinya, shi malamin kiɗa.

A Jos ya koya, wajen wani maƙwabcinmu da ke kaɗa wa coci. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji, ya ce yaron da ya sauke Alƙur'ani me ya haɗa shi da akwatin Turawa. Yaya bai fasa sallah ba, bai fasa piyano ba. Daga nan ya samu karatu a Turai, ya yi wasa a manyan zauruka, irin waɗanda mutane ke zama tsit sai an gama sannan su tafa. Mu dai hotuna muke gani. Da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya, Safiyya, sai ya ce ya gaji da yawon jirgi, zai zo inda nake mu rene ta tare. Haka ya sauka a Riyadh, yana koyar da 'ya'yan baƙi a gidajensu masu katanga.

A lokacin ba a kiɗa a fili a garin nan. Yaya kuma mutum ne mai kunyar da har haushi take ba ni. Ranar da aka kawo piyanon, ya yanki gefen gwadon da Inna ta ba shi, ya buɗe bayan akwatin, ya rataya shi tsakanin 'yan gudumomin da wayoyin da suke bugawa. Sauti ya koma ƙasa-ƙasa kamar mai magana da mura. Na ce, “Yaya, wannan ai wulaƙanta hannunka ne.” Ya ce, “Ke Hajara, iƙama gare mu, takardar izinin zama kawai, ba gida ba. Kada mu dami masu gari.” Da ladan ya ɗaga murya kuwa zai janye hannu, ko da a tsakiyar waƙa ne.

Yau idan na bi ta unguwar Ulaya ina ganin allunan tallar wasan piyano, da makarantun kiɗa a buɗe. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai yi murna, sannan ya sayi tikiti ya zauna a layin baya, ba zai gaya wa kowa ya fi na kan dandamalin iyawa ba. Wannan tunanin yana ci mini rai, domin abin ya zo bai daɗe da tafiya ba.

Yanzu kwantiragina ya ƙare, zan koma gida, piyanon kuma zai bi Safiyya, wadda ta zama malamar kiɗa a nan. Ta daɗe tana son a cire gwadon, ni ke hanawa. Hannunsa ne ya ɗaura shi, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage yadda ya bar shi. Makon jiya da la'asar ta tsaya a kaina da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci: “Gwaggo, khalas, ya isa haka. Ina so in ji abin da Baba yake ji a kansa.” Na juya baya, ta kwance gwadon.

Da ta danna piyanon, sai da kofunan shayi suka yi rawa a kan tire. Ashe haka abin yake? Na zauna na yi kuka, rabi kewa, rabi fushi da shi.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce a raina ga abin da Yaya yake gudu. Ummu Fahad ce, tsohuwar da bangonmu ɗaya da ita, wadda tsawon shekarun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ce, “Ya binti, 'yata, wannan waƙar ta marigayi ce. Ita yake yi bayan la'asar.” Ta ce ita da mijinta, Allah ya jiƙansa, har kujera sukan ja jikin bangon, sukan kashe fanka don su ji. Sannan ta dube ni ta ce, “Amma me ya sa yake yi a hankali haka? Mu kunya ta hana mu ce ya ƙara.”

Na daɗe ina auna abin da ya rage na Yaya Bashir. Ba faifai ko ɗaya, hotunan ma sun koɗe. Akwai dai 'yarsa da hannunta ya gaji nasa, da tsohuwar da ta riƙe waƙarsa shekara tara daga bayan bango. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Gwadon yana cikin akwatina, zai bi ni Jos. Ummu Fahad kuwa ranar ba ta koma gida ba sai da aka kira magariba. Safiyya ta janye hannu a tsakiyar waƙa, tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce, “Haka yake yi.”