Injin Markaɗen Inna

A gidanmu na Rafin Guza, ƙarar injin markaɗen Inna ce ke tashinmu da safe. Mata su jero da robobin wake da tattasai, ita kuma tana ta faɗa da masu tsallake layi. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana. Abin da injin ya kawo a yini, da shi take cefane, da shi take sayen maganin hawan jininta.

Sai Yayana ya tashi buɗe shagon cajin waya a Abakpa. Ya je banki, ya dawo yana huci, wai shi ba zai taɓa kuɗin ruwa ba. Ban ga laifinsa a nan ba. Laifinsa da ya zo ya durƙusa gaban Inna yana murza hula.

"Inna, a sayar da injin nan a ba ni jari. Kuɗin gida ai ba ruwa, ba wa'adi. Da na mai da uwar kuɗin zan sayo miki sabo."

Na ce, "Yaya, maganinta fa?"

Ya ce in rufe masa baki. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aka zo da motar a-kori-kura aka ɗauke injin. Shago ya kama, ba laifi, amma duk abin da ya shigo sai Yaya ya mayar cikin kaya, wai jarin bai yi ƙwari ba tukuna. Da banki ne, da duk wata sun bi shi har ƙofa. Inna fa? Ɗan farinta ne. Don kunya ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa magani ya ƙare. Ta fara raba ƙwayar maganin gida biyu, daga baya ta koma zoɓo marar sukari. In na tambaya ta ce ta sha, in daina damunta.

Wata safiya ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi.

Bayan an sallamo ta daga asibiti, sai ga a-kori-kura a ƙofar gida da sabon inji. Yaya ya durƙusa gefen katifarta, idonsa jajur.

"Inna, uwar kuɗi ta dawo."

Ta dube shi, ta dubi hannunta. Ni kuwa na fita, don kada in zage shi a gabanta.

Injin na nan a tsakar gida cikin ledarsa. A kansa muke shanya zannuwanta.