Gangar da Ba Ta Shiga Faifai Ba

Da tsaki Leonie ta fara jin sunansa. Kakarta Ursule na tsince jan waken ranar Litinin, ta ce, "Anatole? Ƙanena ne, Maƙwaƙƙwafi. Kada dai ki bari ya ji wannan suna a bakinki."

Anatole Mercadel birkila ne a New Orleans, amma duk jana'izar unguwa shi ke rataya babbar ganga. In ya doka, tagogi sai sun amsa. Yana saurayi ƙungiyarsu ta kiɗan jaz ta tafi Chicago ɗaukar faifai. Aka jera su gaban wani mazurari mai kai sauti ga allurar da ke zana kakin faifan. Bugunsa na farko allurar ta yi tsalle, aiki ya ɓaci. Baturen da ke ɗauka ya sa aka fitar da gangar waje, ya miƙa masa guntun katako, ya ce ya lallaɓa wannan.

Faifai ya fito, ya kuwa karɓu. Abin da duniya ta ji daga hannun Anatole ke nan: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai saran bishiya. Sunan ya bi shi har furfura.

Ranar da ya cika saba'in, jikansa Placide ya shigo da garmaho yana washe baki.

"Kaka, an sake buga faifanku! Har Paris ana rububinsa."

Aka sa. Baƙi suka hau tafi, baki dumu-dumu da miyar kuɓewa. Wata maƙwabciya ta ce, "Kai, ji hannu mai ladabi!"

Anatole ya ture kwanonsa kamar ya ga kyankyaso a ciki.

"Ladabin gidanku! Wannan kiɗa ne, ko mai gudawa ne ke ƙwanƙwasa ƙofar bayi?"

"Haba Kaka, tarihi ne fa."

"Tarihin kaza mai tsattsagar kwano." Ya tofar da yawu ta taga.

Da aka watse ya yafito Leonie, wadda ta rako kakarta bikin, ya nuna mata gangar a kan kabad, fatarta ta yi baƙi saboda hannu.

"Ke 'yar nan, ke ce mai riƙe magana a dangin nan. Ranar da za a ɗauki gawata, na san Placide zai kinkimo wannan ƙazanta ya ce ni ne. Ki tsaya bakin ƙofa ki hana. Ki nemo ƙato mai ƙwanji ki rataya masa gangata, ya yi ta doka har allurar kowane garmaho a unguwar nan ta yi tsalle."