Nono Ba Ya Wanke Tabo

Ƙurar dutse ta cinye mini rabin huhu. Yau na ga mai tallan nono a Tirwun, sai na tuna dattijon likitan da ya ƙare rayuwarsa yana binciken ciwon nan.

Mu masu fasa dutse mun yarda nono yana wanke ƙirji. Ranar da likitan ya zo wurin aikinmu, ya tarar da ni da ƙwaryar nono a hannu, tari ya sarƙe ni. Ya ɗora ƙarfen sauraronsa mai sanyi a bayana, ya rufe ido kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana saurare.

"Baba Likita, faɗa mini."

"Ɗana, huhunka ya yi tabo, kuma tabo ba ya wankuwa. Ajiye gudumar nan yau, ko 'ya'yanka su tashi marayu."

"Su ci me?"

"Ban sani ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba."

Na yi fushi, amma na ajiye. Yawancin waɗanda suka ci gaba mun binne su.

Yanzu ina gadi a Gwallameji, ina numfashi da ƙyar. Shi kuwa likitan yana maƙabarta. Allah ya yalwata masa makwanci.