Yadda Timiro Ta Kai Sanweyne Majalisa

Da na dawo Italiya daga karatu a Malesiya, ban yarda cewa kujera ɗaya a majalisar gari za ta canza wa Somaliyawanmu komai ba. A ganina mutum ɗaya ne zai sa kwat, sauran su ci gaba da bin layin sabunta takardar zama. Har yau shakkar ba ta sake ni duka ba. Amma na ga abin da Timiro, ƙanwar mahaifiyata, ta yi, wadda muke ce wa Habaryar, wato inna da harshenmu.

Timiro ta baro Mogadishu tun kafin yaƙi. Ta yi shekaru tana jinyar tsofaffin Italiyawa a gidajensu, ta yi musu wanka, ta dafa musu taliya, ita kuma ta ci tata da ayaba. Kafin ta zama 'yar ƙasa gashinta ya yi fari. Abu ɗaya ke damunta: garinmu ba shi da maƙabartar Musulmi. Da aminiyarta Dahabo ta rasu, wani gari mai nisa aka kai ta, 'ya'yanta ba sa samun ziyara sai shekara ta zagayo. Timiro ba ta son a yi mata haka.

Da Liban Guled, direban bas, ya fito takarar kansila ya yi alkawarin maƙabarta, ita ta bi gida-gida tana tattaro matan da ke da ƙuri'a. A nan, in kana son zaɓen mutum, da hannunka kake rubuta sunansa a takardar ƙuri'a. Mu kuwa ba wanda ya san shi da Liban. Tun yana yaro Sanweyne ake kiransa, mai babban hanci, har mahaifiyarsa haka take ce masa. Mata suka shiga, suka rubuta Sanweyne tsaf. Masu ƙirga suka ga babu ɗan takara mai wannan suna, suka ƙi lissafa masa. Da tazara kaɗan ya faɗi.

Zaɓen da ya biyo baya ina gari. Timiro ta ji cewa ɗan takara na iya sa laƙabinsa kusa da sunansa, sai ta kira Liban kicin ɗinta, ta zuba mana shayi mai citta.

"Habaryar, ki rufa min asiri," in ji shi. "Turawa za su tambayi ma'anarsa. A fosta fa za a buga!"

"To hancin a gida za ka bar shi? Ai a hoton ma shi yake fara gaishe da mutane."

"A koya wa matan su rubuta Guled mana."

"Guled kakanka ne, Allah ya ji ƙansa, ba shi ke takara ba. Matar da ta goya ka zan ce wa ta koyi sunanka yanzu? Sha shayinka, ya huce."

Ya juyo wurina yana neman agaji. Na ce ni ma sai a fosta na fara sanin sunansa Liban. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya amince.

Ya ci zaɓe. Maganar maƙabarta ta daɗe tana jan ƙafa a majalisa, wasu kansiloli suka ƙi, wasu suka ce sai an ƙara nazari. A ƙarshe aka ware mana wani ɓangare a gefen maƙabartar gari, inda za a iya fuskantar da mamaci alƙibla. Ba za a fara binnewa ba sai an zagaye shi da katanga, ita kuwa har yanzu ba a gama ta ba. Duk Juma'a Timiro kan hau bas ta je ta duba magina, ta kai musu sambusa, samosarmu ta gida.

Rannan na raka ta, na ga tana hutawa sau da yawa kafin mu kai ƙofa. Na ce, "Habaryar, in suka ƙara jinkiri fa?"

Ta gyara mayafinta. "Ina roƙon Allah ya bar ni sai an gama. In kuwa na riga su, ku ajiye ni a ofishin Sanweyne, ku ga yadda katanga za ta tashi."