Gwangwanin Biskit na Goggo Qiu

Shekara goma sha tara Qiu Yulan ta yi tana gasa dankali mai zaƙi a cikin ganga, a bakin wani lungu kusa da ƙofar kudu ta birnin Xi'an. Duk lungun Goggo Qiu suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Da mutane suka daina fita da kuɗi a aljihu, ɗanta Haitao ya kawo mata tambarin nan da ake haskawa da waya a biya, ya rataya a jikin gangar tare da 'yar lasifika. Duk wanda ya biya sai muryar wata budurwa ta sanar: "An karɓi yuan takwas." Sai dai wayar Goggo mai maɓalli ce, don haka a wayar Haitao kuɗin suke sauka. Bai taɓa cin mata ko kwabo ba. Shi yake biyan haya da maganin gwiwa. Amma ko zare take so sai ta tambaya.

A bana ta ce wa Haitao za ta je ƙauye ranar da ake share kaburbura duk shekara, ta gyara kabarin mijinta da hannunta.

"Mama, awa huɗu a mota, sannan hawan dutse da wannan gwiwar? Zan tura wa Kawu kuɗi ya share."

"Kawunka ne ya aure shi?"

Haitao ya yi dariya, amma kuɗin mota bai fito ba. Ita kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da ya rage mata nata na kanta shi ne wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin buhun gawayi, cike da ƙananan takardun kuɗi da tsofaffi irinta suke biya da su. Tsoho Dou mai taliya, wanda rumfarsa ke jingine da gangarta, kullum sai ya tsokane ta a kansa.

"Goggo Qiu, ki kai shi gidan tarihi mana, ko a ba ki lambar yabo."

"In na kai shi, da kai zan haɗa. Sun ce suna neman tsohuwar tukunya."

Wata safiya wani dogon baƙo mai jar jaka ya share kwano biyu na taliyar Dou, ya ɗaga waya ga tambarin rumfar don ya biya. Shiru. Ya sake, shiru. Baƙi iri biyu ne a garin nan: masu haɗa katin bankinsu da waya tun daga gida, da masu cewa in sun iso sa gani. Wannan na biyun ne. Wayar tana jiran lambar da aka tura wa layin da ya baro a ƙasarsu. Kunnuwansa suka yi ja, ya zaro jar takardar yuan ɗari ya miƙa.

Dou ya ɗaga hannuwansa da suka yi dumu-dumu da ƙullu, kamar an nuna masa maciji.

"Ina zan samo canjin wannan? Rabona da canji tun jikata tana rarrafe!"

Goggo ta goge hannu, ta jawo gwangwani. Ta ɗaga takardar ga rana, ta karkaɗa ta a kunne, ta ba baƙon canjinsa cif. Ya tura mata yuan goma ya nuna ta riƙe. Ta bi shi har tsakiyar lungu ta cusa masa a aljihu, don ita ba bara ta fito ba. Da ta dawo ta miƙa wa Dou kuɗin taliyarsa.

"Ki riƙe," in ji shi. "Wa zai bi layin banki saboda wannan?"

Ta tsaya da kuɗin a hannu, ta dubi tambarinta, ta dubi nasa. Daidai nan wata 'yar ofis ta zaɓi dankali uku ta ɗaga waya. Goggo ta sa tafi ta rufe tambarinta.

"'Yata, haska na mai taliya."

Haka tsarin ya kafu. Baƙo ya ci taliya ya biya Goggo da takarda, masu sayen dankali su haska tambarin Dou har kuɗinsa ya cika. Kafin mako biyu mai shayi da mai sayar da maficai sun shigo ciki. Da an ga baƙo yana jijjiga waya yana gumi, sai a nuna masa hayaƙin ganga. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, yatsu kawai take ɗagawa. Da farko in ta dunƙule hannu ta miƙe babban yatsa da ƙarami, wato shida a ƙidayar garin, sai su ɗauka biyu take nufi, ko kuma cewa take su kira ta a waya. Sai ta koma ɗaga biyar da ɗaya, irin nasu.

Lasifikarta kuwa ta kusa zama bebiya, kuma Haitao yana gani a wayarsa. Ran nan da hantsi sai ga shi da kayan aiki a jiki, fuska a damuwe.

"Mama, na ga ciniki ya mutu. Kin isa hutu. A sayar da gangar nan kawai."

Dou ya shaƙe da dariya har ya saki ludayi. "Ya mutu? Yaro, buhu biyu take ƙararwa kafin rana ta raba!"

Goggo ba ta yi sauri ba. Ta juya dankalin da ke kan wuta, sannan ta buɗe gwangwani. A saman kuɗin akwai tikitin mota da sunanta a jiki, na jibi da safe.

"Jiya da ƙafata na je tasha na yanka. Na sayi turare da giyar da babanka yake so. Ban zo neman izini ba, Tao, sanar da kai nake."

Haitao ya daɗe yana kallon tikitin, sannan ya kalli tambarin da shi ya rataya da hannunsa.

"Da kin ce kina so haka, ai da na ba ki."

"Na sani. Shi ya sa ban sake tambaya ba."

Ya sosa ƙeya. "To gwiwar fa? Bari in ɗauki hutu in kai ki a motata."

"Tikitina ba zai tafi a banza ba. In kana son zuwa, jiya kujerar kusa da tawa babu kowa."

Ya zaro waya ya fara neman kujerar. Ita kuma ta ɓare masa dankali mai zafi ta ajiye a gefen ganga, don ga wata baƙuwa can ta taho daga wurin mai shayi, riƙe da jar takarda.