Ƙwan Zabbin Yaya da Allon da Na Haɗa

Ko shekaru nawa suka wuce, ba zan manta da injin ƙyanƙyasar da na haɗa wa yayata ba. Gyaran rediyo nake yi a Daura, ita kuma tana kiwon zabbi a wani ƙauye kusa da Mai'adua. Wata damina ta tara ƙwai, ta ce duk nufinta ya zama tsaki, shi ne garkenta na baɗi.

Allon da ke daidaita zafin injin ni na yi shi da hannuna. Hanyoyin wuta na tagulla ne, wasu a sama, wasu a ƙasa, kuma dole a sada su. Tsarina ba ya canzawa. Da farko a huda allon. Sannan a zura siririyar waya ta kowace huda. Sai a liƙa ta da dalma ta sama, a juya a liƙa ta ƙasa. Yanke tsinin wayar shi ne na ƙarshe.

Na gama liƙin sama ke nan aka kira sallar azahar. Da na dawo, na shafa ƙasan allon na ji sumul, babu tsini ko ɗaya. Tunda an yanke, ai an liƙa, haka tsari ya ce. Na ɗaure shi a akwatinsa, na kunna, ya yi aiki, domin wayoyin suna ɗan taɓa tagullar. Jijjigar babur a hanyar ƙauye ce ta raba su.

Washegari Yaya ta kira ni. Da na je, na tarar fitilar ɗumama ƙwan ta kwana ba ta mutu ba, akwatin kamar tanda. Ta fasa ƙwai guda, ta ɓare, ta miƙo mini.

“Ƙanena, sannu da aiki,” in ji ta. “Gishiri kawai ka manta.”

“Yaya, ai na bi tsari.”

“Na gani. Duk sun dahu daidai, babu wanda ya fi wani.”

A gida na kwance allon, na ga ƙasansa babu ɗigon dalma. Na tambayi matata ko wani ya shiga ɗakin aikina.

“Ni ce, Malam. Ba kai ka kafa doka kada ka ƙara ganin tsinin waya a gidan nan ba? Da abin yankan farce na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har jira nake ka yaba.”

Yaya ba ta samu garke a shekarar ba. Maƙwabtanta kuwa sun daɗe suna aiko mini a haɗa musu irin injin nan mai dafa ƙwai ba itace.

Tun ranar na koyi cewa tsari yana faɗa maka abin da ya kamata a ce an yi ne kawai. Abin da aka yi kuwa, sai ka juya allon ka duba, ka sa mitar gwajin wuta a kowace huda.