Mai Jegon da Ta Ƙi Cin Tuwo

Ana idar da sallar asuba muka bar Tsafe, ni da ƙanwata, da ƙullin kanwa da gero, za mu Gusau ganin jikata da ta haihu. Direba na kauce wa ramuka, mu kuwa bakinmu bai rabu da addu'a ba sai da muka wuce dutsen Kwatarkwashi.

Gusau ta girma, jama'a. Amma ba benaye na fi gani ba, 'yan garuwa ne, kowa na tura kurar jarkoki, mata na kiransu ta zaure. Gidan hayar jikata tsaf, har da masai na tangaran a cikin ɗaki, fari fat kamar kwanon jere. Famfo kuwa ya daɗe bai ɗiga ba.

Na iske yarinyar nan ta rame. Tuwo loma biyu ta ture, kunun kanwa ta kurɓa ta ajiye. Nono ya ja baya, jariri sai kuka. Na zaci kunyar haihuwar fari ce. Sai rana ta uku, ina yi mata wankan jego da ganyen darbejiya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, in na ci sai na kewaya, in na kewaya sai an kora da ruwa bokiti guda. Ga ruwan wankan nan safe da yamma. Tausayinsa nake ji." Mijinta take nufi, tela ne, shi ke sayen ruwan.



Washegari muka tafi Bungudu gaida uwar mijin. Bayan fura da nono na nemi kewayawa, aka nuna mini masansu: rami biyu, kowanne da murfi, ga bututu ya yi sama da raga a bakinsa saboda ƙuda. Buta ɗaya ta isa, sai tafin toka. Tsohuwar ta ce in ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan, har ya ruɓe ya zama takin gona. Na sunkuya na shinshina, babu wari. Ƙanwata ta ce ashe tun daga Tsafe shinshinar masan mutane ta kawo ni.

Da muka komo Gusau na zaunar da telan na faɗa masa komai. Ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi bai sani ba. Gidan haya ba a haƙa rami sai da izini, mai gidan kuma ya ce zai duba. Kafin nan na sa aka kawo babban baho. A ciki take wankan, ruwan da muka saba zubarwa a rariya ya koma na masai. Ranar ta cinye malmala biyu, kwana kaɗan nono ya kawo.

Mun dawo Tsafe lafiya. Sauran jikokina mata uku. Duk wanda ya zo daga birni neman ɗaya, ba gado zan tambaya ba, sai ya faɗa mini ruwa nawa masansa ke sha.